Kashi Sittin da Uku

Kashi sittin da uku cikin ɗari,
nan ta tsaya.
Ba ƙara, ba hayaƙi,
layin dai ya toge
kamar jakin da ya hango rijiya.

Ɗakin gyara na unguwar Lochee, a Dundee,
ranar Asabar, yayyafi na lasar taga tun hantsi.
Tsoho Alasdair Petrie ya kawo kwamfutar matarsa
naɗe cikin tawul ɗin kicin.
Ita ta san kanta, in ji shi,
ita ta zuba mata tsarin nan na kyauta
da kowa ke iya buɗe cikinsa ya leƙa.
Shi manhajar duba hotuna kawai yake so.
Na ce masa, minti biyar.
Baki shi ke yanka wuya.

Na sake ba da umarni.
Ta ce ƙofa a kulle take, akwai wani a ciki.
Na bi jerin masu aiki ɗaya bayan ɗaya,
babu kowa.
Wanda ya kulle ya faɗi da makullin a hannu,
kwaɗon kuma bai ji labari ba.
Ban yi saurin ɓalle shi ba.
Na taɓa yin haka a Samaru ina ɗaliba,
ashe mai ɗakin na ciki,
kwana uku na yi ina tsintar fayiloli.
Sai da na duba sau biyu, sannan na cire.

Daga nan rigimar dangi ta tashi.
Wannan ƙunshin ba ya zama sai da wancan,
wancan na jiran ƙanensa,
ƙanen an kwance shi rabi an bar shi a tsakar gida.
Kowa na nuna kowa da yatsa.

Morag, mai ɗinka zif a teburin gefe,
ta ce da allura a baki:
Ladidi, goge komai ki zuba sabo mana.
Tsohon bai ce uffan ba.
Tafin hannunsa kawai ya ɗora a gefen allon.

Na buɗe littafin da na'ura ke rubuta wa kanta,
na bi shi daga ƙasa zuwa sama
yadda ake bin sawun akuya bayan ruwa.
Kuka da yawa a ƙasa, duk na 'yan rakiya ne.
Can sama, layi guda, gajere:
babu wuri.

Ɗan rumbun da tsarin ke tashi daga cikinsa
ya cika har wuya.
Tsofaffin zukatan tsari goma sha ɗaya a jere,
duk sabuwar da ta zo, ba a sallami ta jiya ba.
Na karanta masa kwanan watan ta ƙarshe.
Ya ce, Nuwamba.
Ya ce, eh, lokacin ne aka kwantar da ita.

Na ce sai an rage.
Hotunan fa?
Ba za a taɓa su ba, ɗakinsu daban.
Ya yi 'yar dariya ta hanci:
har kwalaben jam ba ta yarwa.

Na sallami tara.
Na bar wadda ke bugawa yanzu
da guda a bayanta, saboda tsaro.
Na ce wa manajan ya ƙarasa abin da ya fara.
Ƙanen ya miƙe, yayan ya zauna,
dangi suka shige ɗaki a layi.
Sittin da uku.
Na riƙe numfashi.
Sittin da huɗu.

Shayina ya yi fata.
Agogon bango ya ce uku saura kwata.

Hoton farko ya buɗe:
rabin gadar Tay, a karkace,
sauran rabin wani abu ja-ja, dishi-dishi.
Ya matso da tabarau har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.
Wannan, ya ce,
babban yatsana ne.
Ta ce in goge, na manta.